Tsirfar Mahaifina da Rumbun Kumandan

Shekaru masu yawa baya, zamanin da Nasara ke mulki daga barikin Dogon Dutsi, na taɓa gina rumbu na rufe kaina a ciki. Mutanen ƙauyenmu, can gefen Gecheme, sun daɗe suna ba da labarin don dariya, ni ma ina taya su, domin abin dariyar ne. Sai dai labarin nasu yakan tsaya a inda aka fito da ni, nawa kuwa ya zarce nan.

Mahaifina magini ne, maginin rumbun ƙasa, irin mai ciki kamar tulu da ake ɗorawa kan duwatsu a kifa masa jinka. Daga ƙauyukan da ke kewaye da mu har wajen Tibiri ana aiko masa. Kowa ya yarda da hannunsa, kuma kowa ya yarda cewa mutum ne mai tsirfa.

Na lura yaran yanzu suna haɗa tsirfa da mita, alhali ba ɗaya ba ne. Mai mita yakan ci tuwon yana ƙunƙuni har ya suɗe ƙwarya. Ba ƙyanƙyami ba ce kuma, don mai ƙyanƙyami ƙazanta yake gudu, in ka wanke masa ludayi magana ta ƙare. Mai tsirfa shi ne wanda za ka kawo wa abu lafiyayye, wanda kowa zai karɓa ya yi godiya, shi kuwa ya juya shi, ya sake juyawa, har sai ya samo inda bai yi masa ba. In ka gyara nan, ya samo can. Fura in ta yi kauri mahaifina ya ce tuwo aka ba shi, in an ƙara ruwa ya ce an kashe ta. Mahaifiyata ta ce a duk zamansu sau ɗaya ya shanye furarta bai ce komai ba, ranar ma zazzaɓi yake yi.

Kalmar tana da wurin faɗinta. Uwa takan faɗa wa ɗanta in ya ture miya. Mata sukan faɗe ta a bakin rijiya a kan mazansu. Abokin wasa zai iya jifan ka da ita a tsakiyar kasuwa a yi dariya a wuce. Daga babba take gangarowa zuwa ƙarami, ko kuma ta bi ta bayan mutum. Duk garin ana ce wa mahaifina mai tsirfa, ya kuma san ana faɗa, amma in ban da tsohuwar yayarsa babu wanda ya taɓa faɗa masa ido da ido.

Shekara bakwai na yi ina gini a ƙarƙashinsa. Na yi aure, har an haifa mini ɗiya, amma a wurin aiki ban wuce matsayin mai ɗora ƙasa ba. Rumbu zagaye-zagaye ake gina shi, a ɗora taƙi guda a bar shi ya sha iska, gobe a ƙara. Wannan na iya shi. Abin da bai taɓa bari na yi ba shi ne rufe baki, wato can sama inda bango ke tanƙwarowa ciki ya bar ƙofar da mutum zai shiga ya ɗebo hatsi. A wurinmu wanda bai rufe baki ba bai zama magini ba, ko da ya shekara arba'in yana cuɗa laka. In an kai nan sai mahaifina ya shiga ciki shi kaɗai, ni in tsaya kan tsani ina miƙa masa ƙasa, ba na ganin komai sai ƙeyarsa. A lokacin ba ni da burin da ya wuce ya dubi aikina wata rana ya ce ya yi, ya ce in shiga in rufe. Ranar ba ta zo ba. Kullum sai ya danna babban yatsa a bangon da na ɗora, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya samo wani abu.

Yana da wata al'ada da nake ganin ita ce uwar tsirfarsa. Kafin ya rufe baki sai an kira mai gidan da zai riƙa shiga rumbun, ya auna faɗin kafaɗarsa da karan dawa, ya ƙara yatsa huɗu, ya karye karan. Wani lokaci ma sai ya sa an sake kiran mutum daga gona don bai gamsu da awon farko ba. Masu gida sukan tsaya ana auna su suna tsokanarsa, domin kowa ya san da kara ake auna gawa kafin a haƙa kabari.

To, tun bayan wata yunwa da aka yi ina ƙarami, Nasara suka sa doka kowane ƙauye ya yi rumbun tsimi, a zuba hatsi a rufe, ba a taɓawa sai da izininsu. Mu rumbun kumandan muke ce masa, wato Baturen da ke shugabancin barikin. Namu na kara ne, gara ta cinye shi. Wata shekara bayan an gama kaka sai ga gardi, wato ɗan sandan bariki, a kan doki, ya ce kumandan zai fito rangadi nan da kwana ashirin, kuma yana so ya tarar da rumbun ƙasa babba a tsaye. Ƙauyen da bai yi ba, mai garinsa ya san inda kaso yake.

Mai gari tsoho ne mai sanyin hali, tare suka tashi da mahaifina. Ya zo da kansa har zaurenmu da gardin a bayansa.

"Magini, ka ruhwa min asiri," in ji shi. "Kwana ishirin anka ba mu."

"Ranka shi daɗe, ƙasa ba ta san kumandan ba," mahaifina ya ce. "Kwana goma taka so ta ruɓa da ciyawa tun ba a ɗora komi ba. Aikin kwana arba'in na."

Aka yi ta lallashinsa har ya yarda zai gwada. Sai ya tambaya wa zai riƙa shiga rumbun. Mai gari ya ce rumbun kumandan ne, ba shi da mai shiga. Mahaifina ya ce babu rumbun da ba shi da mai shiga, in kumandan ba zai zo a auna shi ba, to, ga wakilinsa. Ya jawo kara daga danni ya nufi gardin da shi. Gardin baƙo ne, Bazabarme, bai san al'adar ba, amma ya san abin da ake aunawa da kara. Ya yi tsalle baya, hannunsa a kan bulala, yana zagi da harsuna uku. Da ƙyar mai gari ya shawo kansa da zakara guda. Ni dai ina tsaye ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka fara aiki. Mahaifina ya rage kwanakin ruɓa zuwa biyar, yana yi yana tsaki. Ni ke ɗorawa, wani abokina da muka tashi tare yana cuɗa ƙasa, matan gari suna kawo ruwa. Ran kwana tara bango ya kai mini ƙirji, kuma ko yau zan ce aikin ya yi kyau. Mahaifina ya zo da hantsi, ya zagaya, ya danna yatsa, ya ƙwanƙwasa. Ya ce gefen gabas ya fi na yamma kauri da yatsa guda. Ya ɗauki fartanya ya fara rushe aikin kwana uku.

Na dubi mai gari, yana tsaye yana kallo. Mata sun tsaya da tuluna a ka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, tsirhwar ga taka ta ishe mu. So kaka yi a kai mai gari kaso don yatsa guda? Ka bar kushe min aiki hakanan. Ka bari."

Wata tsohuwa ta sauke tulunta a hankali kamar tana tsoron ya yi ƙara. Mahaifina bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba. Ya ajiye fartanyar, ya wanke hannunsa a ruwan kwaɓi har gwiwar hannu, ya ɗauki malfarsa.

"Ga aiki nan, kai da shi," ya ce, ya tafi gida.

In na ce na yi nadama a lokacin na yi ƙarya. Wani irin daɗi na ji, irin na wanda ya sauke dami bayan doguwar tafiya. Na ce wa abokina daga yau zagaye biyu za mu riƙa ɗorawa a yini. Allah ya taimake mu rana ta yi zafi, iska a bushe, ƙasar tana kamawa. A gida ina gaida mahaifina yana amsawa, bai tambaye ni aikin ba, ni ma ban ba shi labari ba. Mahaifiyata ce kawai ta daina kallon fuskata in tana miƙo mini ƙwarya.

Ran kwana sha tara muka kai ga baki. Tun bango na da faɗi na ari turmin mahaifiyata, ba da saninta ba, muka zura shi ciki don in sami abin takawa. Na shiga na hau turmin, abokina yana kan tsani yana miƙo ƙasa. Ya tambaye ni ko za mu auna wani. Na ce rumbun ba shi da mai shi, kuma zancen kara ya tafi tare da mai karan. So nake in yi baki ɗan ƙarami, zagayayye, wanda ya fi duk na mahaifina kyau, yadda in ya zo wucewa sai ya tsaya. Zagaye biyun ƙarshe a bisa kaina na ɗora su, hannuwana a sama, ina shafe su daga ƙasa ina jin daɗin yadda hasken ke tsukewa. Gab da azahar na gama.

"Wallahi ya yi kyau," in ji abokina. "To, hito."

Na ɗaga ƙafa, kaina ya fita, kafaɗata ta tsaya. Na koma na fara turo hannu ɗaya, sannan kai, ɗayar kafaɗar ta ƙi. Na karkace, na fitar da duk numfashin da ke cikina, sai na ji ɗanyen bakin ya fara motsi a wuyana. Na koma ciki na zauna kan turmi. Abokina ya daɗe yana kallona daga sama, yana ƙoƙarin ya riƙe fuskarsa, daga baya na ji tsanin yana girgiza don dariya.

Kafin a gama sallar azahar duk garin ya hallara. Ban ga kowa ba, muryoyi kawai nake ji ta bango. Wani ya ce in tuɓe. Na riga na tuɓe. Wata Bafulatana mai tallar nono ta ce a shafe ni da man shanu, har ta fara ciniki. Wani abokin wasana ya ce a bar ni kwana uku ba abinci, zan fito da kaina. Mai gari shi ban ji dariyarsa ba, yana ta maimaita cewa kada a fasa, kumandan gobe zai zo. Ya yi gaskiya, don in na ture bakin da kafaɗa ba shi kaɗai zai faɗi ba, zai jawo wuyan rumbun gaba ɗaya, kuma ba ni da ilimin mayar da shi a yini guda. Cikin rumbun kuwa ya ɗauki zafi, ga warin ɗanyar laka, gumi na zuba har cikin idona. A ƙarshe mai gari ya tafi gidanmu da ƙafarsa.

Mahaifina bai yi gaggawa ba. Sai da ya yi la'asar sannan na ji tarinsa a gindin tsani. Hasken bakin ya toshe, na ɗaga kai na ga fuskarsa. Na shirya jin komai, don a zaune nan ni kaina na ƙirga aibi huɗu a bangon. Ya dubi bakin, ya dubi turmin matarsa, ya dube ni.

"Matsa gehe," abin da ya ce ke nan.

Ya jiƙa igiya siririya, ya yanke zagaye biyun nan nawa gutsure-gutsure yana miƙa wa abokina, bango ko motsi bai yi ba. Ya sa aka fara ciro turmin. Na miƙe zan fita, ya ce in tsaya. Ya sa aka jefo damin kara, ya sauko ciki, ya ce in juya masa baya. Na ji karan dawa a kan kafaɗata, na ji ya karye shi.

"Kai kag gina, kai ka shiga," ya ce.

Ya hau damin ya fara rufe bakin, ina tsaye kusa da shi har gwiwar hannunsa na taɓa kunnena. Ranar na ga abin da na shekara bakwai ina son gani, ashe ba wani abu ne mai yawa ba. Yakan murɗa doguwar ciyawa a cikin kowane zagaye ta zama kamar igiya, ya tallabe shi da damtsen hagu, kuma ba ya barin zagaye ya shigo ciki fiye da faɗin babban yatsa. Bayan kowane zagaye sai ya gitta karan nan. Bai yi mini bayani ba, bai kuma ɓoye hannunsa ba. Kafin magariba ya gama, ya fita, ni ma na bi shi, kafaɗata ta wuce ba ta taɓa komai ba.

Kumandan bai zo ba. Washegari da la'asar wani ma'aikacin bariki ya iso da gardi biyu, ya dubi rumbun daga kan doki, ya sha fura a ƙofar mai gari, ya wuce ƙauyen gaba. Mai gari ya ci gaba da zama da rawaninsa har ya rasu.

Bayan kwana biyu na ɗauki gwaggona, yayar tasa, ta raka ni na durƙusa a zaure na nemi gafara. Ya ce ba komai, ya wuce. Kuma da gaske yake. Ya ci gaba da cin tuwo ƙwarya ɗaya da ni, yana ɗaukar ɗiyata a cinya, yana yi mini hirar ƙuruciyarsa. In an aiko masa aiki daga nesa sai ya ce, "Ku tahi wurin ɗana, magini na." Da haka na sami sunan da nake nema, a bakinsa kuma.

Sai dai bai sake danna yatsa a bangona ba. Tsirfar tana nan daram, mahaifiyata na shan nata kullum a kan fura, maƙeri na shan nasa a kan bakin fartanya, in ya ga rumbun wani magini a hanya sai ya tsaya ya faɗi aibinsa ko ba a tambaye shi ba. Ni kaɗai ya ɗauke wa. In ya zo inda nake aiki sai ya zauna a inuwa, ya yi sannu, ya yi hira da mai gida, ya tashi. Shekarar farko na ji daɗin haka. A ta biyu wani rumbu da na gina a wani ƙauye ya tsage da ruwan farko, hatsin mutane ya jiƙe. Na tuna sau biyu ya zo wurin ina gini, yana zaune yana kallon daidai inda ya tsage.

Shekara shida bayan rumbun kumandan idonsa ya tafi. A wannan rani na gina rumbu a cikin gidana, na kaina. Na bar ƙasa ta yi kwana goma sha biyu tana ruɓa, ban taɓa ɗora fiye da taƙi guda a yini ba, sau biyu na rushe abin da na ɗora ba wanda ya sa ni. Da na gama na riƙo hannunsa na kawo shi, na ce ya taya ni sa albarka. Ya ɗora tafin hannu a bangon ya fara zagayawa a hankali, ina biye. A gefen da ke fuskantar rijiya, daidai ƙugu, ya tsaya. Hannun ya daɗe a wurin. Na ga babban yatsan ya tanƙwaro zai danna, sai ya janye shi.

"Ya yi," ya ce. "Allah shi cika shi da alheri."

"Baba, mi kaj ji nan?"

"Ba komi."

"Don Allah, Baba, hwaɗa min."

Ya ɗan yi murmushi, ba fushi ko kaɗan a muryarsa. "Kai kac ce in bari, na bari."

Ya nemi in mayar da shi inuwa, na mayar da shi. Kafin a yanke geron wannan shekara ya rasu.

Ba zan ce duk abin da yake kushewa aibi ne ba. Furar mahaifiyata ba ta da laifi, kuma rumbun kumandan, da yatsansa guda na bambanci, ya tsaya har bayan Nasara sun tafi. Rabin abin tsirfa ce kawai, halinsa ne, kuma zama da shi akwai wahala. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, mutumin nan bai san wata hanya ta sa hannu a aikin ɗansa ba sai wannan, ni kuwa na rufe ta a gaban mata da mai gari. Bayan shi na gina rumbunan da ban san adadinsu ba, kowa ya ce sun yi, kuma ban taɓa samun wanda yabonsa ya kwantar mini da hankali ba. Yanzu na tsufa, ina jin jikokina suna faɗin kalmar a kaina in sun zaci barci nake. Ba na hana su. Roƙona dai kada wani cikinsu ya faɗa mini a fuska, don na san jinin da ke jikina.

Rumbun gidana ya fi shekara talatin a tsaye, bai taɓa tsagewa ba. Duk lokacin da na zo wucewa zuwa rijiya sai na ɗora hannu a wurin nan, daidai ƙugu. Na danna, na ƙwanƙwasa, na kara kunne, da rani da damina. Har ya rushe don tsufa ban gano abin da ya ji ba.